Rediyo ma tana da rubutunta: mu koyi karanta launukan rezistans



Yau za mu yi magana a kan wani rubutu wanda ba a yi shi da baƙaƙe ba. Da launi aka yi shi. Yana cikin rediyonku. Yana cikin cocila, da fitilar sola, da cajar salula. Duk wanda ya iya ƙirga daga sifiri zuwa tara zai iya koyon sa cikin mako guda.

Ga abin da ya sa muka ɗauko wannan magana.

Wata ranar kasuwa, a wani ƙauye tsakanin Tasawa da Mayahi, na zauna a rumfar wani saurayi mai gyara. Wani dattijo ya kawo rediyonsa, ta daina magana. Saurayin ya buɗe ta. Ya ga wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa ya yi baƙi, ya ƙone. Bai san wanda zai sa a madadinsa ba. Sai ya cire shi, ya haɗa wurin da guntun waya. Rediyo ta yi magana. Dattijo ya biya, ya tafi yana murna. Kafin kasuwa ta watse ya dawo. Rediyo ta yi hayaƙi, ta mutu gaba ɗaya.

Dattijo ya yi hasarar rediyo da kuɗin gyara. Saurayi ya yi hasarar amana. Alhali cikin gwangwanin da ke gabansa akwai tarin irin wannan abu da ya ciro daga tsofaffin rediyo. Mai yiwuwa wanda ya dace yana ciki. Karatunsu ne bai iya ba.

MECE CE REZISTANS?

Wannan ɗan abu, masu gyara na kiran sa rezistans. Jikinta gajere ne, da ƙafa biyu na waya, da zobba masu launi kewaye da ita.

Aikinta rage wuta. Ku tuna da mai garka. Idan zai ba ƙananan shuka ruwa, ba ya juye musu guga baki ɗaya, don ruwan zai tone su. Yana rage shi, ya ba su daidai bukata. Haka kayan cikin rediyo suke. Kowane yana da iyakar wutar da zai iya ɗauka. Rezistans ita ke tsare wannan iyaka. Wanda ya sa waya a wurinta, ya juye wa shuka guga ke nan.

Hatsi da tiya ake auna shi. Tafiya da kilomita. Ƙarfin rezistans kuwa da "om" ake auna shi. Sunan wani malamin lakwal ne na ƙasar Jamus, Georg Ohm, wanda ya bayyana lissafin abin a shekarar 1827. Om mai yawa, wuta kaɗan ke wucewa. Om kaɗan, wuta mai yawa ke wucewa. Om 1000 ana kiran sa kilo-om ɗaya, ana rubuta shi 1k. Om miliyan ɗaya kuma ana rubuta shi 1M.

Me ya sa ba a rubuta lambar a jiki kawai ba? Domin jikin ƙarami ne, kuma idan an liƙa ta rubutun na iya komawa ƙasa, ba a ganin sa. Zobe kuwa ana ganin sa ta kowane gefe. Masu ƙera rediyo na Amurka ne suka fara wannan dabara a shekarun 1920. A shekarar 1952 hukumar duniya mai daidaita kayan lantarki, wadda ake kira IEC, ta mai da ita doka guda. Saboda haka rezistans ta Sin, ta Japan, ta Faransa, duk karatunsu ɗaya ne. Wanda ya koya a Korgom, ya koyi abin da ake aiki da shi a duniya duka.

LAUNI GOMA, LAMBA GOMA

Ku ɗauki alƙalami ku kwafe wannan:

Baƙi: 0
Ruwan ƙasa: 1
Ja: 2
Ruwan goro: 3
Rawaya, wato ruwan ɗorawa: 4
Tsanwa, wato kore: 5
Shuɗi: 6
Shunayya, irin launin albasar Galmi: 7
Ruwan toka: 8
Fari: 9

Ga yadda za ku riƙe su. Jerin ya fara da duhu, ya ƙare da haske: baƙi a farko, fari a ƙarshe. Daga 2 zuwa 7 kuma, jerin bakan gizo ne: ja, ruwan goro, rawaya, tsanwa, shuɗi, shunayya. Ku dubi tutar ƙasarmu Nijar: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa. Da wannan karatu, 3 ke nan, da 9, da 5.

YADDA AKE KARANTAWA

Yawancin rezistans da za ku gani a rediyo zobe huɗu gare su. Uku suna kusa da juna. Na huɗu yana ɗan nesa, kuma galibi ruwan zinari ne ko ruwan azurfa.

Ka riƙe ta yadda zoben zinari ko azurfa zai kasance a hannun dama. Ka fara daga hagu, kamar karatun boko.

Zobe na farko: lamba ta farko.
Zobe na biyu: lamba ta biyu.
Zobe na uku: yawan sifirin da za ka ƙara.

Misali na farko: rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Rawaya 4. Shunayya 7. Ruwan ƙasa yana cewa ƙara sifiri ɗaya. Sai mu rubuta 470. Om 470 ke nan.

Misali na biyu: ruwan ƙasa, baƙi, ja. Lamba 1, lamba 0, da sifiri biyu. Om 1000, wato 1k.

Misali na uku: rawaya, shunayya, ruwan goro. Lamba 4, lamba 7, da sifiri uku. Om 47 000, wato 47k.

Ku kwatanta misali na farko da na uku. Zobe ɗaya ne kawai ya bambanta, amma ɗaya ta ninka ɗaya sau ɗari. Dala ɗaya da dala ɗari ba ɗaya ba ne. Don haka zobe na uku shi ne wanda ya fi bukatar ido.

A nan akwai wuri biyu da masu koyo ke tuntuɓe.

Na ɗaya: idan zobe na uku baƙi ne, ba a ƙara kome. Ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, om 10 ne, ba 100 ba.

Na biyu: idan zobe na uku ruwan zinari ne, raba za ka yi da 10. Rawaya, shunayya, zinari: 47 a raba da 10, ya ba da om 4,7. Idan azurfa ne, a raba da 100.

ZOBE NA HUƊU

Kowa ya san tiya. Mai awo biyu, tiya iri ɗaya, amma ta wannan ta ɗan ɗara ta wancan. Ba a faɗa a kan ƴan ƙwayoyi. Haka masana'anta ba ta iya yin kowace rezistans daidai cif. Zobe na huɗu shi ke faɗa mana iyakar kuskuren.

Ruwan zinari: kashi 5 cikin 100.
Ruwan azurfa: kashi 10 cikin 100.
Babu zobe na huɗu: kashi 20 cikin 100.
Ja: kashi 2 cikin 100.
Ruwan ƙasa: kashi 1 cikin 100.

Mu ɗauki om 1000 mai zoben zinari. Kashi 5 cikin 100 na 1000 shi ne 50. Ke nan idan ka auna ta, ka samu tsakanin 950 da 1050, lafiyarta ƙalau. Kada ka jefar da ita don ta nuna 980.

ME YA SA BA A SAMUN 500?

Wani na iya lissafi ya ga om 500 yake bukata. Ya zazzage gwangwani bai samu ba. Ya yi sallahu Maraɗi, a dawo a ce babu. Kada ya ɓata kuɗin mota. Masana'antu ba kowace lamba suke yi ba. Akwai jerin da aka yarda da shi, shi ma tun 1952. Wanda aka fi sani ana kiran sa E12, don lamba 12 gare shi:

10, 12, 15, 18, 22, 27, 33, 39, 47, 56, 68, 82.

Bayan 82 sai a koma farko da ƙarin sifiri: 100, 120, 150, 180, 220, 270, 330, 390, 470, 560, 680, 820. Sai 1000, 1200, 1500, haka har miliyoyi.

Me ya sa waɗannan lambobi? Kowace ta ɗara ta bayanta da wajen kashi ɗaya cikin biyar. An tsara su ne daidai da kuskuren kashi 10 cikin 100. Ku duba:

390 tana iya zama daga 351 zuwa 429.
470 tana iya zama daga 423 zuwa 517.
560 tana iya zama daga 504 zuwa 616.

Kun gani? Inda wannan ta tsaya, nan ta gaba ta kama, kamar gonaki masu iyaka da juna. Ba a bar fili a tsakani ba. Shi ya sa yin 500 daban ba shi da amfani. A mafi yawan aiki, 470 ko 560 ta isa.

Akwai jeri mai lamba 24, ana kiran sa E24, na masu zoben zinari. Shi ya ƙara waɗannan a tsakani: 11, 13, 16, 20, 24, 30, 36, 43, 51, 62, 75, 91.

Wannan jeri yana da wani amfani babba. Yana kama kuskuren karatu. Idan ka karanta rezistans mai zobe huɗu ka samu 74, ka tsaya. Babu 74 a jerin. Wataƙila ka juya ta ne, 47 ce. Idan ka samu 37, ka koma haske ka sake dubawa. Wataƙila abin da ka ɗauka ruwan goro ja ne, 27 ce.

Idan kuma dole sai lambar da babu, ana iya haɗa biyu. In ka jera su ɗaya bayan ɗaya, kamar raƙuman ayari, tarawa ake yi: 330 da 180 sun ba da 510. In ka jera biyu masu lamba ɗaya kafaɗa da kafaɗa, ka murɗe ƙafafunsu tare, rabi ake samu: 1000 guda biyu sun ba da 500.

MU GWADA DA BATIRIN SOLA

Gidaje da yawa suna da farantin sola da batir mai bolt 12. Mu ce kana son ka sa ɗan ƙwan led ja, don ya nuna maka akwai wuta. In ka haɗa shi kai tsaye, zai yi walƙiya sau ɗaya ya mutu. Dole a sa masa rezistans.

Ga lissafin. Ƙwan led ja yana cin wajen bolt 2. Saura bolt 10 ke nan, su rezistans za ta riƙe. Yawan wutar da ke gudana, da "amfer" ake auna shi. Irin wannan ƙaramin ƙwai ba ya son fiye da kashi 20 cikin 1000 na amfer, wato 0,02. Dokar malam Ohm ta ce: raba bolt da amfer, ka samu om. 10 a raba da 0,02 ya ba da 500.

Babu 500. Wace za mu ɗauka, 470 ko 560? Ta sama. Batir idan ya cika a rana yana haura bolt 12, yana kai wajen 14. Ta sama za ta rage haske ɗan kaɗan, amma ƙwan zai daɗe. Launin 560: tsanwa, shuɗi, ruwan ƙasa.

GIRMAN JIKI MA MAGANA NE

Launi yana faɗin om. Ba ya faɗin yawan zafin da rezistans za ta iya jurewa. Wannan da "wat" ake auna shi, kuma girman jiki ke nuna shi. Mai kwatan wat tsawonta wajen milimita 6 ne. Mai rabin wat wajen milimita 9. Mai wat ɗaya ko biyu ta fi su kauri.

Jaki da raƙumi hanya ɗaya suke bi, amma ba kaya ɗaya suke ɗauka ba. In ka cire babba, kada ka sa ƙarama ko da launinsu ɗaya ne. Za ta yi zafi ta ƙone. Sa babba a wurin ƙarama ba laifi, in wurin ya ishe ta. A misalin batirin sola da muka yi, mai rabin wat ta fi dacewa.

MASU ZOBE BIYAR DA MASU LAMBA

Za ku gamu da wasu masu zobe biyar, galibi jikinsu shuɗi. Karatun ɗaya ne, sai dai lambobin uku ne. Zobe na huɗu shi ne sifiri, na biyar kuskure. Misali: ja, ja, baƙi, ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Lamba 2, 2, 0, da sifiri ɗaya: om 2200, kuskure kashi 1 cikin 100. Zoben da ya ɗan ware daga sauran, shi ke zuwa dama.

A cikin salula da sababbin fitilu kuma, rezistans ba su da ƙafa. Ƴan ƙanana ne, baƙaƙe, a manne da allo. Waɗanda ke da rubutu, lamba ce a bayansu, kuma dokar ba ta sake ba. Lamba ta ƙarshe yawan sifiri ce. 472 yana nufin 47 da sifiri biyu, 4700. 103 yana nufin 10 000. Ku lura: 100 yana nufin om 10, don sifirin ƙarshe cewa yake kada a ƙara kome. Baƙin R yana tsayawa a wurin waƙafi: 4R7 om 4,7 ne. Haka 4k7 yana nufin 4700.

IDAN TA ƘONE

Zafi yana sauya launi. Ja na iya komawa kamar ruwan ƙasa. Wani lokaci zobban su shafe duka. To yaya za a yi?

Ka nemi wata rediyo ko fitila iri ɗaya da ita, ka dubi wuri ɗaya, ka karanta ta can. Don haka mai gyara ba ya zubar da matattun kaya. Su ne littafinsa, su ne rumbunsa.

Ka tambayi kanka abin da ya ƙona ta. Rezistans ba ta cika ƙonewa haka kawai ba. Sau da yawa wani abu ne kusa da ita ya lalace, ko an juya kan batir, ko ruwa ya shiga. In ba ka gyara tushen ba, sabuwar ma za ta bi ta.

Ka karanta launi da hasken rana, ba da fitila ba. Ka goge ƙura tukuna. Akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe ja da tsanwa sosai. Haka aka haife su, ba abin kunya ba ne. Su yi aiki da na'urar awo, wadda ake kira multimeta. Kowa ma ya kamata ya tabbatar da karatunsa da ita in yana da hali. Amma a cire pil ko batir kafin awo, a kuma ɗaga ƙafa ɗaya ta rezistans daga allo. In ba haka ba, sauran kayan za su shiga awon, lambar ta fito ƙasa da gaskiya.

HATTARA

Rediyo mai pil ba ta da haɗari sosai. Amma kuran na gari bolt 220 ne, yana kisa. Kada a taɓa cikin caja ko talabijin sai an zare su daga wuta. Ko bayan an zare, akwai wani abu kamar ɗan gwangwani, kondansater, da ke riƙe wuta na wani lokaci. Mai koyo ya bar irin wannan aiki sai gaban wanda ya ƙware.

A cikin caja da yawa, rezistans ta bakin shigar wuta an sa ta ne don ta tsinke idan matsala ta zo. Ta mutu ne don ta tsirar da gida. Wanda ya maye ta da waya, yana iya jawo gobara a ɗakin kara.

Dalmar liƙi kuma guba ce. Kada a riƙe ta da baki. A wanke hannu kafin cin abinci. A nisanta ta daga yara.

WANNAN ILIMI BA BAƘO BA NE

Kada wani ya ce wannan sai ƴan birni. A nan Tasawa aka haifi Abdu Mumuni a shekarar 1929. Ya zama babban masanin kimiyya. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken ƙarfin rana ta Nijar, tun mutane da yawa ba su san rana na ba da wuta ba. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Shi ma da ƙirga ɗaya, biyu, uku ya fara.

Rediyo ita ke kawo mana labarin damana, da farashin hatsi, da ranar lamba ga yara da dabbobi. In ta lalace a Urafan ko Kanan Bakashe, bai kamata sai an kai ta Maraɗi saboda abu kamar ƙwayar shinkafa ba.

AIKIN AJI

Malaman yaƙi da jahilci, ku nemo matacciyar rediyo ku kawo aji. Kowa ya karanta rezistans biyar, ya rubuta lambarsu a allo. A ware su cikin kwalayen ashana, a rubuta lamba a bayan kowane kwali. Mata ma su shiga, aikin ido ne da natsuwa, ba na ƙarfi ba.

Ga tambayoyi. Ku rufe amsa da hannu tukuna.

1. Ja, shunayya, ja, zinari: om nawa?
2. Ruwan ƙasa, baƙi, rawaya: om nawa?
3. Shuɗi, ruwan toka, baƙi: om nawa?
4. Waɗanne launuka uku ne ke ba da om 3300?
5. An rubuta 224 a bayan ƴar ƙarama: om nawa?

Amsa: (1) 2700, kuskure kashi 5 cikin 100. (2) 100 000. (3) 68. (4) Ruwan goro, ruwan goro, ja. (5) 220 000.

Wanda ya ci huɗu cikin biyar, ya koya wa maƙwabcinsa. Wanda bai gane wani wuri ba, ya rubuto mana da hannunsa ta wurin malamin ajinsu, za mu amsa. Tambaya rabin ilimi ce.

Allah ya sa albarka a karatunmu da sana'armu. Sai fitowa ta gaba.